Zuwa ga Edita: Maganar ruwan feshi da ake ta turawa a waya, don Allah a bi a hankali

Assalamu alaikum Malam Edita, ina yi maka fatan alheri kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira ya sa a gama lafiya. Ni malamin kemistiri ne a wata sakandaren 'yan mata, bana shekara 19 kenan ina riƙe da alli, kuma gaskiya ban saba rubuto wa jarida ba. Abin da ya tayar da ni yau wani saƙon murya ne da ya shigo gurup ɗinmu na dangi a WhatsApp satin da ya wuce, wani bawan Allah da ban san ko wane ne ba yana ta bayani da ƙarfin hali wai Turawan Amurka sun gano cewa in ka zuba ruwa a abin feshi ka fesa shi to ya zama magani da kansa yana kashe ƙwayoyin cuta, saboda haka wai ba sai an tafasa ruwa ba, ba sai an sa kilorin ba, fesawa kawai za a yi a cikin bokiti a sha.

Da farko na share, don irin waɗannan saƙonnin ba sa ƙirguwa. Sai ga kiran ƙanwata da daddare, ta ce Yaya Malam wai gaskiya ne maganar nan, ni fa har na aiki yaro ya sayo min kwalbar feshi irin ta masu aski. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Yarinyar nan 'ya'yanta huɗu, na goye bai shekara ba, ruwan rijiya suke sha da na 'yan garuwa, ga damina ta sauka, lokacin da amai da gudawa ke shiga unguwa ya yi ɓarna kafin a ankara. Na ce mata ajiye kwalbar nan ki ɗora tukunya, gobe zan zo in miki bayani. Bayanin da na yi mata shi ne nake so in maimaita a nan, don na tabbata saƙon bai tsaya a gurup ɗinmu ba.

Abin da ya sa maganar take da hatsari shi ne ba ƙarya ce zalla ba, ruwa ba ya tsami banza, akwai binciken gaske da aka tsinto ta daga ciki sannan aka yi mata ƙari. Amma kafin in kai can sai an fahimci abu ɗaya wanda littattafanmu na makaranta ba su cika tsayawa a kai ba, cewa ruwan da ke saman kwano, wato daidai inda ya haɗu da iska, halinsa daban yake da ruwan da ke can cikin tsakiya. Haka ma inda ya haɗu da mai, ko ƙarfe, ko laka. Ni ina ce wa ɗalibaina fatar ruwa, duk da ba fata ba ce da za ka iya yayewa.

Duk shekara in na zo wannan darasin ba na neman komai sai tasar silba, ruwa, sabuwar reza da ɗan garin yaji. Sai in ɗora rezar a kwance a hankali a kan ruwan, ƙarfe ne fa wanda ya ninka ruwa nauyi kusan sau takwas, amma sai ta zauna daram, in ka sunkuya ka duba ta gefe za ka ga ruwan ya ɗan lotsa a kewayenta kamar katifar da aka zauna a kai. Ajin sai ya yi tsit. Sai in barbaɗa yajin ya rufe saman, in ce wa yarinya ɗaya ta shafa sabulu a kan yatsa ta taɓa tsakiya. Kafin ƙiftawar ido yajin ya watse ya koma gefe gefe kamar kaji sun ga shaho, in aka ƙara ɗan sabulun rezar ma sai ta nutse ta yi ƙara a gindin tasa. Akwai wata shekara da wata yarinya daga bencin baya, wadda ba ta taɓa magana a aji ba, ta ɗaga hannu ta ce Malam to sabulun da ta taɓa ai bai kai ƙwayar gero ba, ya aka yi ya canja ruwa tasa guda? Na ce mata bai canja tasa guda ba, saman kawai ya canja, kuma saman shi ne ke riƙe da rezar. Har yau ina ganin tambayar nan ta fi rabin abin da ke cikin silabas daraja.

Dalilin kuwa shi ne kowace ƙwayar ruwa, oksijin ɗaya da haidirojin biyu, tana riƙe da maƙwabtanta, a can ciki takan riƙe kusan huɗu, gaba da baya, sama da ƙasa, ko'ina akwai ɗan'uwa. Amma wadda ke saman ba ta da kowa a bisanta sai iska, sai jan ya zama na gefe da na ƙasa kawai, shi ya sa saman yake ɗamewa kamar fatar ganga, shi ya sa ɗigon ruwa yake dunƙulewa a kan ganyen gwaza, shi ya sa ƙwaron nan mai dogayen ƙafafu yake yawo a kan kududdufi ba ya nitsewa. A 1993 masu bincike a jami'ar Berkeley ta Amurka ƙarƙashin Farfesa Shen suka haska saman ruwa da hasken leza suka nuna cewa sama da ɗaya cikin biyar na ƙwayoyin da ke saman suna da hannu ɗaya na haidirojin da ya miƙe cikin iska bai riƙe kowa ba. Hannun da ba ya riƙe da komai kuwa shi ne yake saurin cafkar abin da ya gifta. Kuma duk wannan yankin kaurinsa bai wuce ƙwaya biyu ko uku ba, ƙasa da haka ruwa ya koma ruwan da muka sani.

Bari in ɗan karkata kaɗan Malam Edita, don akwai labarin da ba na gajiya da ba 'yan matan nan. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara auna wannan abu da kyau mace ce, Agnes Pockels, a garin Braunschweig na Jamus. Ba ta shiga jami'a ba don a zamaninta ba a ɗaukar mata, tana gida tana jinyar iyayenta, ƙanenta ne ya samu ya karanta fiziks ita kuma tana karanta littattafansa. A wurin wanke-wanke ta fara lura da yadda maiƙo da sabulu ke canja saman ruwa, ta ƙera ɗan dogon kwano na gwangwani da wani ƙarfe da take ja a kansa tana matse saman ruwan ko ta buɗa shi, tana auna ƙarfin da ake buƙata kafin a ɗago ɗan ƙaramin faifai daga kan ruwan da ƙaramin sikeli. Ta yi shekara wajen goma tana wannan ita kaɗai. A 1891 ta rubuta wa Lord Rayleigh, babban masanin fiziks na Ingila, wasiƙa, shi kuma mutumin kirki bai danne ba, ya sa aka fassara aka buga a mujallar Nature da sunanta. Irin kwanon nata ne Irving Langmuir ya inganta ya yi aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1932, ita kuma a wannan shekarar aka ba ta digirin girmamawa a garinsu tana da shekara 70. Duk lokacin da na ba da labarin nan ina kallon fuskokin yaran, don kusan kowacce cikinsu da safe sai ta yi wanke-wanke kafin ta taho makaranta.

To wannan fata ta ruwa ba wasan aji kawai ba ce, kullum muna mu'amala da ita ba mu sani ba. Ina tuna mahaifiyata Allah ya jiƙanta da damina in an kawo ruwan rafi ja wur kamar kunun kanwa, sai ta kwance ɗan ƙullin alif daga bakin zani, ta tsoma shi cikin randa ta juya sau uku huɗu ta cire ta rufe da faifai, in aka jima ka buɗe sai ka ga laka ta taru gaya-gaya tana sauka ƙasa, saman ya yi garau har kana ganin gindin randa. Sai da na girma na gane me ke faruwa. 'Yan ƙananan ɓarɓashin laka kowanne bayansa yana ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya, don haka suna ture juna ba sa yarda su haɗu balle su yi nauyi su kwanta, alif kuma yana sakin alminiyom mai caji kishiyar wancan, sai ya kashe turewar su manne da juna su nutse. 'Ya'yan zogale da ake dakawa a zuba su ma haka suke aiki. Duk abin a mahaɗar laka da ruwa yake faruwa. Haka tsatsa, duba tsohon durom da ruwa ya daɗe a ciki za ka ga inda ya fi cinyewa shi ne wajen layin da ruwan yake tsayawa, saboda a nan ne ƙarfe da ruwa da iskar oksijin suka yi mahaɗa. Ko jaririn da aka haifa bakwaini yake wahalar numfashi, a 1959 likita Mary Ellen Avery da Jere Mead suka gano cewa huhunsa bai gama yin wani sinadari mai kama da sabulu ba, wanda ke sassauta ɗamewar ruwan da ke lulluɓe da 'yan jakunkunan iska, in babu shi sai jakunkunan su riƙa mannewa duk fitar numfashi.

Inda abin ya fi ɗaure wa masana kai shi ne saurin haɗuwar sinadarai a wannan wuri. Ramin da aka gano a 1985 a rufin ozon, wato iskar da ke can sama tana tare mana hasken rana mai cutarwa, a saman Antatika da ke ƙarshen kudancin duniya, da farko lissafi ya ƙi fita, don sinadaran kilorin da ke can sama in suna yawo a iska kawai ba sa haɗuwa da sauri haka. A 1986 Susan Solomon da abokan aikinta suka kawo bayanin cewa a bayan 'yan ƙananan ƙanƙarar gajimaren da ke samuwa a tsananin sanyin can ne suke sauka su haɗu, su saki kilorin ɗin da ke cinye ozon in rana ta fito, kuma awo ya zo ya gaskata su. Sai kuma 2005, Barry Sharpless, wanda sau biyu yana cin Nobel, shi da mutanensa suka ɗauki wasu sinadarai biyu masu kama da mai waɗanda ba sa narkewa a ruwa sam, in aka haɗa su su kaɗai sai sun kwana biyu kafin su gama, amma da aka zuba su kan ruwa aka kaɗa sosai cikin minti 10 aka gama. Ba su narke ba fa, a kan iyakar mai da ruwa aikin ya gudana.

Yanzu mu zo kan feshi. Ga ɗan lissafi da kowa zai iya bi. Lita ɗaya ta ruwa in tana cikin mazubi mai kusurwa huɗu, santimita 10 kowane gefe, duk bayanta gaba ɗaya santimita murabba'i 600 ne, bai kai faɗin dardumar sallah ba ma ko kusa. Amma in ka farfasa litar nan ta koma ɗigo-ɗigo masu faɗin maikuron 10, wato waɗanda silin gashi ya ninka su kauri sau da yawa, to jimillar bayansu ta zama mita murabba'i 600, ya fi fuloti mai ƙafa 50 da 100 girma. Ruwan bai ƙaru ko ɗigo ba amma fatarsa ta ninku sau dubu goma, to duk wani hali na fatar dole ya fito fili.

A nan ne aikin Farfesa Richard Zare na jami'ar Stanford ya shigo, kuma na tabbata shi ne asalin saƙon muryar nan. A 2019 shi da ɗalibansa suka ba da rahoton cewa da suka tura tsabtataccen ruwa ta wani siririn bututu da iska mai ƙarfi ya fita ɗigo-ɗigo ƙasa da maikuron 20, sun sami haidirojin feroksaid a ciki, wato ruwan wanke ciwon nan da muke ce wa haidirojin a kemis, wanda in an zuba a gyambo yake kumfa. Bayaninsu shi ne akwai ƙarfin lantarki mai tsanani a fatar ɗigon wanda ke fizge ilektiron daga wani ɓangare na ruwan, ragowar su haɗu bibbiyu su zama feroksaid. Daga baya ma sun gwada irin wannan feshin a kan ƙwayoyin cuta da aka shafa a saman abubuwa a ɗakin gwaji suka ce ya kashe da yawa. Duk wannan an buga shi, ban musa ba.

Amma nawa suka samu? A nan gizo ke saƙa, kuma nan ne mai saƙon murya ya tsallake. Kusan miligiram ɗaya a lita, wato kashi ɗaya cikin miliyan. Kwalbar kemis kuwa kashi 3 ne cikin ɗari, wata ma 6, ka ga ko mai rauni cikinsu ta ninka wancan sau dubu talatin. Sannan su ruwan da aka tace ƙal suka yi amfani da shi, ba ruwan rijiya mai laka da ƙazanta ba, wanda dattin cikinsa kaɗai zai lashe wannan ɗan mitsitsin kafin ya taɓa ƙwayar cuta ko ɗaya. Sannan kwalbar masu aski ɗigonta manya ne, ba ta kusa da na injinsu. Kuma ko su da suka yi binciken ban ga inda suka ce a fesa ruwan rijiya a ba yara ba.

Bayan haka ma tsugune ba ta ƙare ba a tsakanin masanan kansu. Wani Farfesa Himanshu Mishra da ke jami'ar kimiyya da fasaha ta Sarki Abdullah a Saudiyya ya ce bai yarda ba, shi da ɗalibansa suka maimaita gwajin a cikin rufaffen akwati da suka tsare iskar ciki, suka ga cewa in akwai ɗan ozon a iskar ɗaki, ko kaɗan ne, ɗigon ruwa yana zuƙe shi ya ba da feroksaid, in aka cire ozon kuma adadin sai ya faɗi ƙasa warwas. A 2024 suka ƙara da cewa ɗan ragowar da ake gani ma ba a mahaɗar ruwa da iska yake samuwa ba, a inda ruwan ya taɓa bututu ko mazubi ne, tare da oksijin da ya narke a cikinsa, don da suka kore oksijin ɗin daga ruwan ba su ga komai ba. Su Zare kuma ba su sauka daga bakansu ba, sun sake gwaje-gwaje suna kare matsayinsu, wasu ɗakunan bincike na goyon wannan wasu na goyon wancan, har yanzu ana ja-in-ja a mujallu. Ni dai a nawa ɗan karatun hujjar Mishra ta fi kwanta min, saboda a aikin da ake auna kashi ɗaya cikin miliyan ƙazanta kaɗan ta isa ta ruɗe ka, ita Agnes Pockels ma abin da ya fi ba ta wahala kenan, tsabtace saman ruwa kafin awo. Amma ko wa ya yi gaskiya cikinsu abin sha'awa ne ka lura duk su biyun a mahaɗa suke nuna yatsa, ɗaya ya ce ta ruwa da iska, ɗaya ya ce ta ruwa da bango, babu mai cewa a tsakiyar ruwan ne.

To ka ga maganar da manyan farfesoshi da injinan miliyoyin daloli ba su gama daidaitawa a kai ba, ita ce wani ya naɗa a minti biyu ya turo wa matan aure a matsayin fatawa. Abin nan yana min ciwo ƙwarai, don wanda zai kwana a asibiti da ledar ƙarin ruwa a hannu ba shi ba ne, ɗan wata ne.

Da na je gidan ƙanwata washegari a tsakar gida muka zauna, na sa ta kawo ruwan rijiyarsu a kofin gilashi muka ɗaga shi a rana tana ganin 'yan abubuwa na yawo a ciki, muka fesa shi da kwalbar tata a cikin wani kofin muka sake ɗagawa, yana nan yadda yake. Na ce mata wanda ido ke gani ma bai tafi ba ina ga wanda ba ya gani. Na kuma ja mata kunne a kan alif, don mutane da yawa suna ɗauka in ruwa ya yi garau shi kenan ya tsarkaka, alhali alif kwantar da laka yake yi, yana jan wasu ƙwayoyin cutar ƙasa tare da ita amma ba ya kashe su duka. In ruwa ya kwanta a tsiyaye na saman a tafasa shi ya yi ɓararraka na aƙalla minti ɗaya, ko a sa maganin kilorin daidai yadda aka rubuta a jikin kwalba a jira minti 30, a rufe randa, a ware moɗa ɗaya mai mariƙi wadda yara ba sa tsoma hannu da ita. Ta ce Yaya gawayi fa ya yi tsada, na ce na sani, ni ma saye nake, amma kilorin ɗin bai kai kuɗin gawayi ba kuma kwalba ɗaya tana daɗewa.

Roƙona gare ku Malam Edita guda biyu ne. Ku sa wakilinku na lafiya ya bibiyi wannan saƙon ya tambayi likitoci da ma'aikatan hukumar ruwa a buga amsar da Hausa ƙarara kafin damina ta yi nisa, a kuma karanta a shafinku na Facebook da murya saboda iyayenmu mata da ba sa karatun boko, tunda da murya ƙaryar ta zo musu. Na biyu, ku ba mu ko rabin shafi ne a mako na kimiyya da harshenmu, akwai malamai a jami'o'inmu da kwalejojin ilimi da za su rubuta da murna in an neme su, mu ma na sakandare za mu kawo abin da muke da shi. Ni in kun ba da dama zan fara da gwajin reza da yaji, da hotuna mataki-mataki yadda kowace uwa za ta iya yi da 'ya'yanta a tsakar gida, sai dai a kula da rezar a hannun yara, allura ma tana yi in an ɗora ta kan 'yar takarda mai laushi aka bar takardar ta jiƙe ta nutse.

Na gode da ba ni wannan fili, a gaida ma'aikata.

Naku,
Wani malamin kemistiri daga Funtuwa, jihar Katsina